Shekarar da Ɗakin Ɗanlami Ya Zama Masaukin Fatake

Tun kuna ƙanana kuke jin tsofaffin Zangon Agege suna cewa uwarku ce ta kori albarkar gidan ubanta. Na san kun ji, don ina ganin yadda kuke sunkuyar da kai in an tayar da zancen a gidan biki. Ban taɓa tanka musu ba. Ba don ba ni da baki ba, kun dai san ni, sai don a lokacin Baba yana da rai, bayan ya rasu kuma na ga tone-tone ba zai dawo da komai ba. Yanzu da ciwon ƙafa ya zaunar da ni wuri guda, zan ba ku labarin yadda ya faru, kowa ya yanke hukunci da kansa.

Kakanku Alhaji Garba fatoma ne na goro, wato maigidan da fatake ke sauka wurinsa in sun zo daga Arewa. Shi zai ba su ɗaki, ya ciyar da su, ya raka su wurin Yarbawa masu gonar goro, ya tsaya musu a ciniki, ya ajiye musu huhuna har ranar da za a loda su a jirgin ƙasa. Ya gaji sana'ar wurin ubansa, baƙinsa ma yawancinsu gadonsu ya yi. Gidanmu da ke bayan tashar jirgi ba a taɓa rufe zaurensa ba, ƙyauren ma ya yi tsatsa a buɗe. Mun tashi muna kwana a rumfar kicin in baƙi sun yi yawa, ba kuwa wanda ya taɓa ganin abin a matsayin wahala. Doka ɗaya ce a gidan, ita ce ba a ce wa baƙo a'a. Baba yakan ce baƙonka annabinka, kuma ba da wasa yake faɗa ba.

Ɗanlami, kawunku, shi ne autanmu, na ba shi shekara tara. Ni na yi kwalejin horon malamai, ina koyarwa a firamare a Ebute Metta inda nake aure, babanku yana aikin jirgin ƙasa. Shi kuwa Ɗanlami Allah ya yi masa kai. Makarantar kwana ya yi ta mishan a can cikin ƙasar Yarbawa, irin wadda ƙararrawa ce ke tashinka, ita ke kai ka aji, ita ke zaunar da kai karatun yamma, ita ke kwantar da kai. Ƙofa a kulle, baƙo sai ranar ziyara. A haka ya fito da sakamakon da ya sa aka ɗauke shi jami'a a nan Ikko, sashen kimiyya, da niyyar ya wuce likitanci. Shi ne na farko a layinmu gaba ɗaya. An yanka rago, mahauta sun aiko da kan sa, tsofaffi suna ta shafa masa kai suna kiransa Likita tun bai ga ƙofar ajin ba.

Da ya zo gida hutun ƙarshen mako na farko, ina zaune Baba ya tambaye shi yadda karatun yake. Ɗanlami ya ce wata rana darasi biyu ne, wata rana ɗaya, wata ranar ma babu ko ɗaya, kuma ba mai kiran suna, ba mai duka, ba mai tambayar ina ka je. Baba ya riƙe baki.

"To sauran yinin fa, me kuke yi?"

"Ba komai, Baba. Kowa harkar gabansa yake yi."

"Ikon Allah. Ashe hutu gwamnati ta kai ka."

Muka yi dariya dukanmu, har da ni malamar makaranta. A kwalejinmu ma ƙararrawa ce ke juya mu, ban san wani irin karatu ba bayan wannan.

Abin da ya fara tayar min da hankali abinci ne. Duk Juma'a in na je Agege gaida su, nakan tarar Inna tana haɗa wa Ɗanlami ɗan dambun nama da yaji a kai masa. Sannu a hankali sai na ga ƙullin ya zama kwano, kwano ya zama fanteka, har da tuwo da miya a langa mai hawa. Na ce, Inna, Ɗanlami aure ya yi ba mu sani ba? Ta ce ai baƙin Baba ne ke ɗan leƙa shi. Ban kawo komai a raina ba sai da na lura yaron ya daina zuwa gidana, in kuwa mun haɗu idonsa ja wur, wuyansa ya yi tsawo kamar na zalɓe. Ruwa ba ya tsami banza. A watan da motoci suka koma bin hannun dama, wata Talata da aka tashi makaranta, na hau molue, babbar motar hayar nan ta Ikko, na tafi jami'ar ban gaya wa kowa ba.

Tun daga matakalar benen na fara jin ƙamshin da na sani tun ina cikin zanin goyo, ƙamshin ɗanyen ganye da goro. Na ce a raina hancina ne ke yi min gizo. Da na isa ƙofar ɗakinsa, wallahi sai da na dafa bango. Huhunan goro ne jere tun daga ƙasa har kusa da taga. Wani mutum ya shimfiɗa buhu a tsakar ɗaki ya baje goro yana tsince masu sankara, yana yayyafa wa sauran ruwa. Teburin karatu an mai da shi wurin ajiye butoci da kwanuka, littattafan an tattare su an cusa ƙarƙashin gado, wani babba mai baƙin bango an tokare ƙofa da shi don iska ta shigo. Mutum biyu suna barci a ƙasa. A kan gadon Ɗanlami kuwa, ƙarƙashin fanka, Alhaji Isiyaku na Gusau ne kishingiɗe yana jan carbi. Shi ne babban baƙon gidanmu, ubansa wurin kakanmu yake sauka, kuma in ya sauka gida to rabin fataken Gusau da Ƙaura nan za su biyo shi.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da fara'a, yana ta sa wa Ɗanlami albarka. Ya ce ai wannan ɗaki rahama ne, ga lantarki, ga famfo, ga shi kusa da cikin gari. Daga Agege in ka fito da safe za ka Apapa ko ofishin fasfo, cunkoson motoci sai ya cinye maka yini, amma daga nan kamar ka miƙa hannu. Ga kuma yaro mai Turanci da Yarbanci da zai shige maka gaba ko'ina. Na tambayi labarin yaron da suke ɗaki ɗaya da Ɗanlami, aka ce ɗan Ibo ne, ya kwashe kayansa ya koma wurin abokinsa tun kafin Kirsimati. Na ce ina shi Ɗanlamin? Alhaji ya ce ya raka wani asibiti tun safe, daga can zai wuce kwastan da wani.

Ban san lokacin da na sauko daga benen ba. Na yi ta tambaya har aka nuna min ofishin malamar da ke kula da 'yan shekarar farko a sashensu, wata Bayarabiya mai furfura da gilashi, ɗalibai suna kiranta Mama Kemistiri. Da na faɗi sunan ƙanena sai ta cire gilashin ta dube ni, ta koma Yarbanci da ta ji ina yi.

"Ashe yana da 'yan'uwa? Ni na ɗauka ya bar makarantar. Tun zangon farko rabon da in gan shi a ɗakin gwaje-gwaje. Gwajin da aka yi musu duk ya faɗi, wasu ma bai zo ba. In ya faɗi jarrabawar ƙarshen shekara, korarsa za a yi, kuma ba a dawowa."

Na zauna ba a ce in zauna ba. Na ce mata, Mama, yaron nan bai taɓa zuwa na biyu ba a rayuwarsa. Ta ce ta sani, ta ga takardunsa, kuma irinsu ne suka fi ba ta tsoro. Ta ce duk shekara tana ganinsu, yaran da su ne na farko a gidajensu, sun saba ƙararrawa ta yi musu tunani. In sun zo nan suka ga sarari a jadawali sai su ɗauka lokacin banza ne, iyayensu ma haka. Alhali wannan sararin shi ne karatun. Malami a aji hanya kawai yake nuna maka, tafiyar kai za ka yi ta a laburare. Ɗan wanda ubansa ya yi jami'a ya san haka tun daga gida, ɗan wanda bai yi ba sai ya faɗi kafin ya gane. Ta ce ƙofarta a buɗe take kowace yamma don masu tambaya, amma ƙanena ko sau ɗaya bai taka ta ba.

Na jira shi a gindin wata bishiya har la'asar sakaliya. Da ya hango ni sai ya tsaya cak, da fayil ɗin takardun wani a hammata. Ban yi masa faɗa ba, abin ya fi ƙarfin faɗa. Na ce, Ɗanlami, yaushe rabonka da buɗe littafi? Sai hawaye. Ya ce farko mutum ɗaya Baba ya aiko, kwana ɗaya kawai. Sai wancan ya gaya wa wani. Ya ce in ya ɗauki littafi sai a ce Likita zo ka karanta min wannan, Likita zo ka raka ni can. Da ya ga an yi masa nisa a aji sai kunyar shiga ma ta kama shi, don ba ya gane abin da ake faɗa. Na ce me ya hana ka zuwa wurin malamarku?

"Yaya, ba ta kira ni ba. Ɗalibi zai faɗa wa malami ofis ba a kira shi ba?"

"To me ya hana ka gaya wa Baba?"

"In ce masa me? In ce baƙinsa sun dame ni?"

Washegari na kai shi gaban Mama Kemistiri da kaina, kamar ɗan aji ɗaya. Matar nan Allah ya saka mata. Ta ce za ta buɗe masa ɗakin gwaje-gwaje ranakun Asabar ya rama abin da ya wuce shi, za ta haɗa shi da ɗalibai biyu su riƙa bita tare, kuma duk mako zai zo mata da tambayoyi a rubuce ko yana so ko ba ya so. Amma ta ɗaga yatsa ta ce duk wannan aikin banza ne in ba a raba shi da mutanen nan ba, ita kuma in ta kai ƙara hukuma, shi za a kora daga ɗakin, ba su ba.

Na tafi Agege na sami Baba a zaure bayan azahar. Na durƙusa na zayyana masa komai, na ce Baba, korarsa za a yi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce shi bai ga abin tashin hankali ba. Yaro da bakinsa ya ce ba ya komai yawancin yini. In darasi biyu ne, ya je ya yi biyun ya dawo ya yi wa mutane hidima, ai ilimin da ba a amfana da shi ba ilimi ba ne. Na ce Baba, zaman da yake yi shi kaɗai da littafi shi ne aikin. Ya ce wane irin aiki ne mutum ya zauna shiru a ɗaki? Na ce to a roƙi Alhaji Isiyaku ya dawo gida Agege. Nan fuskarsa ta canza.

"Ɗakin ɗana ɗakina ne. Wanda ya sauka a ciki, a gidana ya sauka. Kina so in buɗi baki in ce wa Isiyaku ya tashi? Tashi ki ba ni wuri."

Na kwana biyu ina juya abin. Babanku ya ce in bi a hankali, tsakanin uba da baƙonsa ba a shiga. Na ce na ji. Ranar Asabar da safe na ɗauki hayar bolekaja, irin motar katakon nan, da 'yan dako biyu daga Oyingbo, na nufi jami'a. Na aiki Ɗanlami laburare don kada a ce da hannunsa. Na shiga ɗakin na durƙusa har ƙasa na gaida Alhaji Isiyaku, sannan na ce, Baba Alhaji, mota tana ƙasa, za ta kai ku Agege da kayanku, an gyara muku ɗaki a gida. Ɗakin nan daga yau ba mai sake kwana a cikinsa sai mai shi.

Mai tsintar goro ya tsaya da goro a hannu. Alhaji ya tashi zaune a hankali ya dube ni.

"Garba ne ya aiko ki?"

"A'a, Baba Alhaji. Ni na aiko kaina."

"Ke kuwa kin san goron da aka raba ranar sunanki, nawa ne?"

"Na sani, Baba Alhaji. Ku yi haƙuri. Yaron ne za a kora."

Da ya zage ni da na ji sauƙi. Ya naɗe buzunsa, ya ɗauki butarsa, ya sa takalmi, ya sauka. 'Yan dako suka yi ta jidar huhuna, ɗalibai sun yi cirko-cirko a baranda suna kallo. Ban fasa ba sai da na ga ƙasan ɗakin. Motar ta tafi Agege, sai dai ba a ƙofar gidanmu ta tsaya ba. Alhaji ya sa direba ya wuce da shi gidan wani fatoman a ƙarshen layi, ya sauke kayansa a can da rana tsaka kowa yana gani.

Kafin magariba labari ya gama Zango. Da na je, Inna tana kuka a kicin. Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kakanki ya kwana a waje cikin ruwan sama don baƙo ya kwana a ɗaki." Daga wannan bai sake yi min magana ba. In na durƙusa na gaishe shi sai ya dubi bango. Fataken Gusau suka bi Alhaji ɗaya bayan ɗaya, na Ƙaura suka bi su. Babbar tukunyar da Inna ke tuƙa tuwon baƙi aka kife ta a bayan ɗaki. Ban taɓa zaton gida yana mutuwa da sauri haka ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, abin ya gigita ni. Na yi tsammanin fushi na mako guda, ban yi tsammanin zauren Baba ya zama wurin kwanan awaki ba.

Ɗanlami na ɗauke shi ya koma gidana, don ban yarda wani ba zai sake lallaɓawa ɗakin ba. Na zama masa ƙararrawa. Ni ke tashinsa, ni ke kora shi laburare, in ya dawo ya bayyana min abin da ya karanta ko da ban gane ba, don Mama Kemistiri ta ce wanda ya iya bayyana wa wani shi ya iya. Abokan bitarsa suna zuwa Lahadi, ina dafa musu shinkafa da wake. Ranar da ya dawo ya ce min ya ɗaga hannu a aji ya yi tambaya kuma ba wanda ya yi dariya, kamar an yi masa bushara da Makka. Duk wanda ya zo nemansa daga Agege ni ke tare ƙofa in ce ba ya nan, ko da ana jin tarinsa a ciki. Amma ramin da ya faɗa mai zurfi ne. Malamar ta ce min a fili, ko ya ci da ƙyar zai ci, kuma kada ya yi asarar ko yini ɗaya.

Ana saura 'yan kwanaki jarrabawa ƙanwata Talatu ta haihu, aka yi suna a gidan Baba. Wannan ba yadda za a yi Ɗanlami ya ƙi zuwa. Na ce da an shafa fatiha mu juya. Maza suna zaure, mu mata muna ciki, ni ina bakin ƙofar da ke tsakani ina leƙe. A cikin mazan akwai Malam Hamza na Maraɗi, shi kaɗai ne babban baƙon da ya rage wa Baba. Da aka shafa, sai na ji ya gyara murya ya ce, Alhaji, kekunan ɗinkin da na saya sun maƙale a Apapa, mutanen nan Turanci suke yi min. Ga Likita Allah ya kawo shi, ya raka ni mana, bai fi aikin kwana uku ko huɗu ba.

A gaban mutane ya faɗa, a zauren Baba, ranar suna. Na ga Ɗanlami ya dubi ƙasa, sannan ya yunƙura ya miƙe ya fara laluben takalminsa. Ba zai iya cewa a'a ba, ba a haife shi da kalmar ba. Ni kuma mace ba ta faɗawa zauren maza ranar suna, ko ni da aka sani da rashin ta-ido. Na riƙe ƙyauren, na ce a raina shi ke nan, na kashe gidan ubana a banza.

Sai na ji muryar Baba.

"Ɗanlami, zauna."

Malam Hamza ya ce, Alhaji, ban ji ba. Baba bai dube shi ba, ya dubi tabarma.

"Yaron yana da karatu. Ba zai je ba."

Wani tsoho ya ce subhanallahi a fili. Ni kaina sai da na toshe baki da mayafi, don tun da nake ban taɓa jin Baba ya hana baƙo ko allura ba. Ya dafa bango ya tashi, ya shiga ɗakinsa ya fito da babbar rigarsa ta zuwa Juma'a da lema. Mutumin da ba ya jin Turanci ko na cewa zo, ga ciwon gwiwa. Ya ce wa Malam Hamza, tashi mu je, ni ne maigidanka, ni zan raka ka. Ya wuce ta gabana har rigarsa ta shafi hannuna, bai dube ni ba.

Kwana huɗu Baba yana jeka-ka-dawo a Apapa, yana tsayuwa a rana daga wannan taga zuwa waccan, ana yi masa tsawa da yaren da bai sani ba. Kekunan ba su fito ba sai da Malam Hamza ya nemi wani tafinta, shekarar da ta biyo kuma a wani gidan ya sauka. Ɗanlami ya ci jarrabawar, da ƙyar, kamar yadda malamar ta faɗa. Da ya kai wa Baba labari, Baba yana zaune shi kaɗai a zaure da ɗan faifan goro a gabansa, wanda ya koma sayarwa ɗai-ɗai ga masu wucewa. Ya ce alhamdu lillahi, ya zaɓi fari guda ya ba shi. Sannan ya zaɓi wani, ya juya shi a hannu, ya ce, "Wannan ka kai wa yayarka."